Wai ya za a yi a gyara harkar kuɗi a ƙwallon Turai ne, ko haka za mu ci gaba da kallon kashin dankali?

Dan_Kofar_Soro:
Salamu alaikum 'yan gida. Jiya bayan isha'i mun tashi daga gidan kallo musu ya kaure a wajen mai shayi har kusan sha biyu, wani ƙanena ya ce shi fa ya gaji, tun kafin a fara kaka ka san kulob uku ko huɗu da za su iya ɗaukar kofi a kowace ƙasa, sauran duk rakiya suka zo. Na so in musa masa amma da na lissafa sai na yi shiru, Bayern sau 11 a jere daga 2013 zuwa 2023, Juventus sau 9 a jere, City sau 4 a jere, PSG kuwa kamar gado ta ci a Faransa. To tambayata ita ce, da ace kai aka ba wuƙa da nama, wace doka ɗaya za ka kafa don mai ƙaramin ƙarfi ma ya sa rai? Don Allah shawara nake nema ba zagin kulob ɗin wani ba.

Gunner_na_Daura:
Wa alaikumus salam. A fara da kwashe wa City maki, sauran magana ta biyo baya.

Dan_Kofar_Soro:
Ka gani ko, ko minti biyu ba a yi ba 😂

Gunner_na_Daura:
A'a Yaya da gaske nake wallahi. Dokar ai an yi ta, a Firimiya an hana kulob yin asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku. Everton ta wuce, a Nuwamban 2023 aka cire mata maki 10, ta ɗaukaka ƙara ya dawo 6, daga baya aka ƙara cire 2. Forest aka cire mata 4. Ita City tun Fabrairun 2023 aka jera mata tuhuma 115 amma ko zaman sauraro ba a fara ba sai Satumban 2024. An bar jaki ana dukan taiki kenan. Ni shawarata duk wata tuhuma ta kuɗi a yanke hukunci cikin kakar da aka yi ta, kar a bari sai an ci kofi an yi biki an manta.

SkyBlue_Marusa:
Tuhuma daban hukunci daban malam. City ta musanta, kuma ko a 2020 da UEFA ta dakatar da mu shekara biyu ai kotun wasanni ta soke, ta rage tarar daga Yuro miliyan 30 zuwa 10. Ku dai ku ce kuna jin haushi ne kawai.

Gunner_na_Daura:
Wanda bai yi komai ba ana cinsa tarar miliyan 10?

SkyBlue_Marusa:
Na rashin ba da haɗin kai ne a bincike, je ka karanta.

Malam_Akanta:
Ku ɗan dakata in sa baki, don aikin lissafi nake ci da shi. Abin da mutane ba su lura ba shi ne dokar da ake cewa ta adalci ita kanta manya take karewa. UEFA ta ce kar kulob ya kashe sama da kashi 70 na kuɗin shigarsa a albashi da sayen 'yan wasa da ladan dillalai. A baki abin ya yi daɗi, amma Real Madrid a kakar 2023/24 kuɗin shigarta ya haura Yuro biliyan ɗaya, kashi 70 nata miliyan 700 ne. Kulob mai samun miliyan 100 kuma nasa 70 ne. To ina gasar take? Kamar a ce wa mai tireda da babban dila na babbar kasuwa kowa ya saro kaya daidai jarinsa sannan a ce a ga wanda zai fi ciniki. Dokar tana hana kulob karyewa, wannan gaskiya ne kuma yana da amfani, mun ga yadda Portsmouth ta durƙushe a 2010 da Rangers ta Scotland a 2012, Bury ma korarta aka yi daga gasar gaba ɗaya a 2019. Amma hana karyewa daban, daidaita ƙarfi daban. Su Chelsea da City da PSG sun riga sun haye, Abramovich 2003, 'yan Abu Dhabi 2008, Ƙatar 2011, bayan sun hau sai aka janye tsanin. Newcastle da Saudiyya ta saya a 2021 ta fi kowa kuɗi a aljihu amma ba ta da ikon zubawa yadda waɗancan suka yi.

Abu_Fatima_KT:
To Malam kai mene ne mafita a ganinka?

Malam_Akanta:
A ɗaure na sama da na ƙasa da igiya ɗaya. A ce ba kulob ɗin da zai kashe fiye da, misali, ninki huɗu ko biyar na kuɗin talabijin da na ƙarshen tebur ya samu. In babba yana son a ƙara masa igiya to dole ya so ƙaramin ya samu ƙari. Nan ne za ka ga Man United na yi wa Burnley addu'ar buɗi.

RedDevil_Tsohon_Hannu:
Mu yanzu ai mu ake yi wa addu'a 😭

Hajiya_Blues:
Ni dai ban yarda a hana mutum kashe kuɗinsa ba. In attajiri ya ga dama ya zuba wa kulob dukiyarsa ba bashi ya ɗora masa ba, ina ruwan wani? Kafin 2003 United da Arsenal ne ke ta karɓa-karɓa da kofi, lokacin ba wanda ya ce ba adalci. Sai da wasu suka shigo cin tuwon sannan aka tuna da doka.

Gunner_na_Daura:
Hajiya da girmanki, ku 'yan Chelsea da kuka sayar wa kanku otal don littafi ya daidaita 😂

Hajiya_Blues:
Doka ta hana? Ba ta hana ba a lokacin. Kai dai ka kawo kofin Zakarun Turai ko ɗaya mu gani, mu biyu gare mu.

Malam_Akanta:
Maganar otal gaskiya ce, kamfanin da ke da alaƙa da masu kulob ɗin aka sayar wa, aka rubuta a matsayin riba. Akwai ma dabarar kwantiragi mai tsawo. In ka sayi ɗan wasa fam miliyan 100 ka ba shi shekara biyar, a littafi miliyan 20 kake rubutawa duk shekara, in ka ba shi shekara takwas sai ya koma 12 da rabi. Shi ya sa kuka ga Chelsea ta ba Mudryk shekara takwas da rabi. UEFA ta toshe wannan a 2023 ta ce ko shekara nawa ka ba shi a kan biyar za a raba. Matsalar ita ce manyan kulob suna da lauyoyi da akantoci da suka fi na masu dokar yawa, kana toshe rami suna haƙa wani kamar gafiya.

Sani_Bundes:
Ku duba tsarin Jamus mana. Dokar 50+1, magoya baya masu rajista su ne ke da rinjayen ƙuri'a, ba wani attajiri da zai zo daga wata uwa duniya ya saye kulob ya canza masa kala. Tikiti da araha, fili a cike kullum.

Dan_Kofar_Soro:
Sani ai ƙasar da kake yabo ita ce Bayern ta ci sau 11 a jere, da ita na buɗe maganar.

Sani_Bundes:
Eh amma Leverkusen ta karya a 2024, ba a ci ta ko wasa ɗaya a lig ba, da Boniface namu a gaba.

Malam_Akanta:
Kuma abin dariyar Leverkusen na cikin waɗanda aka yafe wa dokar 50+1 ɗin saboda kamfanin magunguna na Bayer ne ya kafa ta, kamar yadda Wolfsburg take ta Volkswagen. Wato wanda ya karya Bayern ma mai uba a gindin murhu ne.

Sani_Bundes:
Kai Malam ba ka barin mutum ya sha ruwa.

Mai_Gidan_Kallo:
Ni bari in faɗa maku abin da nake gani da idona, shekarata tara da wannan sana'a. Duk Juma'a da yamma nake ɗaukar alli in rubuta wasannin mako a allon ƙofa. Ranar da na rubuta Madrid da Barca ko United da Liverpool, tun kafin a fara benci ya cika, yara na zaune a ƙasa gaban talabijin, wasu na leƙe ta ramin kwano, har kujerun gidanmu nake aikawa a ɗauko. Ranar da na rubuta Brentford da Fulham mutum shida ne, biyu ma cajin waya ya kawo su, ga janareta na shan mai ga kuɗin tasha na jira ƙarshen wata. To ku da kuke ta kukan ba adalci, ku ne fa kuke kai kuɗin wajen manyan. Naira ɗari biyun da kake ba ni a ƙofa, wani abu daga ciki yana tafiya kamfanin da ya sayi izinin haskawa, shi kuma ya biya Firimiya. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mani Alhaji don Allah sa mana Getafe.

Abu_Fatima_KT:
Wallahi Alhaji ka faɗi gaskiya mai ɗaci 😂

Gunner_na_Daura:
Amma Alhaji shekarar da Leicester ta ci Firimiya fa? 2016 ai kowa Leicester yake kallo, har waɗanda ba su san inda garin yake ba.

Mai_Gidan_Kallo:
Wannan haka ne, daga wajen Fabrairu wasan Leicester ya fara cika mani gida, da Ahmed Musa ya je can kuma sai abin ya ƙaru. To ka ga kenan in ƙaramin zai iya cin kofi mutane za su kalle shi. Amma sau nawa aka yi? Kuma kafin a fara kaka ta gaba Chelsea ta ɗauke Kante, bayan shekara biyu City ta ɗauke Mahrez.

Ummi_Madridista:
Nan ne Ingila ta fi kowa dabara ai. Kuɗin talabijin na cikin gida rabi ana raba shi daidai wa daida tsakanin kulob 20, kwata bisa matsayinka a tebur, kwata bisa yawan haska wasanka. Shi ya sa na ƙarshe ma yake tashi da kusan fam miliyan 100. A Sifaniya kafin 2015 kowane kulob shi ke sayar da nasa, Madrid da Barca su kwashe kaso mafi tsoka su bar wa saura ƙashi, sai da gwamnati ta sa doka aka koma sayarwa a dunƙule. Ni 'yar Madrid ce amma wancan tsarin zalunci ne.

Sani_Bundes:
Sai dai adalcin Ingila na cikin gida ne kawai. Kulob ɗin da ke neman faɗuwa a Firimiya ya fi zakaran Holan ko Beljiyam ko Fotugal samun kuɗin talabijin. Su suka zama Super League ɗin da aka ce an rusa, wato gasar manyan kulob zalla.

Baba_Na_Unguwar_Alkali:
Yara ku bari tsoho ya ce wani abu. Mu da muka fara jin ƙwallo a rediyo, mun ga lokacin da Steaua ta ƙasar Romaniya ta ci kofin Turai a 1986, PSV 1988, Red Star ta Belgrade 1991, Ajax 1995 da Kanu da Finidi a ciki. Lokacin zakaran kowace ƙasa ne ke zuwa, ba a ce Ingila ta kawo huɗu ko biyar ba. Tun Porto a 2004 kofin bai sake fita daga ƙasashe biyar ɗin nan ba, Ingila da Sifaniya da Italiya da Jamus da Faransa. Abu biyu suka kashe shi a ganina, hukuncin Bosman na 1995 da ya buɗe ƙofa kowa ya kwashi baƙin 'yan wasan Turai yadda ya so, da kuma yadda UEFA ke ware wani kaso na kuɗi bisa tarihin kulob, wato wanda ya ci jiya a ƙara masa don ya ci gobe. Ni da za a ji tawa, kuɗin gasar Zakarun Turai a ba lig ɗin ƙasar wani kaso mai kauri ya raba wa kowa, ba kulob ɗaya ya haɗiye ya dawo gida ya fi ƙarfin kowa ba.

Dan_Kofar_Soro:
Allah ya ƙara girma Baba. Wannan ta ƙarshen ta shige ni, don a ƙananan ƙasashe kulob ɗaya in ya shiga gasar sau biyu shi kenan ya gama da lig ɗinsu.

Yankee_Boy:
Ku kwaikwayi Amurka kawai. A NFL, gasar ƙwallon Amurka, akwai iyakar albashi, kowa daidai. A NBA ta ƙwallon kwando in ka wuce iyaka ka biya haraji mai zafi a raba wa waɗanda ba su wuce ba. Kuma a NFL wanda ya zo na ƙarshe shi ke samun damar fara zaɓar sabbin yara masu tasowa.

RedDevil_Tsohon_Hannu:
A ba na ƙarshe kyauta? To ai mu mun warke.

Ummi_Madridista:
Amurka ba a faɗuwa rukuni na biyu, ƙofa a rufe take, kuma ba su da wata ƙasa da ke gasa da su wajen sayen 'yan wasa. In Ingila ta sa iyakar albashi ita kaɗai gobe yaran za su watse Sifaniya da Saudiyya. Kuma rufe ƙofa ai shi ne abin da kulob 12 suka so yi a Afrilun 2021, magoya baya suka fito titi, cikin kwana biyu abin ya wargaje. Ni in aka cire faɗuwa da hawa na bar kallo, Luton da ke wajen manyan rukunai huɗu har 2014 ta hau Firimiya a 2023, a Amurka wannan ba zai taɓa faruwa ba.

Yankee_Boy:
Na yarda da batun faɗuwa, amma harajin fa? Ka kashe yadda kake so kamar yadda Hajiya ta ce, amma duk fam ɗaya da ka ɗora sama da iyaka ka ajiye wani fam ɗin a asusun ƙananan.

Hajiya_Blues:
Wannan na yarda da shi. A bar mai kuɗi ya kashe amma ya fitar da na maƙwabta.

SkyBlue_Marusa:
Mu ko a jikinmu, a faɗi nawa ne.

Gunner_na_Daura:
Ka ji matsalar ai, wanda rijiyar mai ke bayansa tara ba ta dame shi ba. Maki ne kawai ke sa su kuka.

Coach_Filin_Bayan_Gari:
Duk kuna maganar Turai, ni bari in kawo ta gida don abin ya taɓa ni. Akwai dokar FIFA da ta ce duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Ku lissafa, cinikin Yuro miliyan 70 irin na Osimhen daga Lille zuwa Napoli, kashi 5 miliyan uku da rabi ne. Ko ɗan yanki ya faɗo unguwa ai an gina fili. To ni akwai yaron da na ɗauka yana ɗan shekara 11, a filin makarantar firamare muke atisaye, duwatsu ne ragarmu, ƙwallo ɗaya gare mu duk sati sai na kai ta wajen mai faci. Takalminsa na farko a gwanjo na saya masa, ya yi masa yawa muka cusa takarda a gaba. Shekara biyar yana hannuna. Wani dillali ya zo kallon gasar unguwanni ya ga yaron, ya je ya samu mahaifinsa da buhun shinkafa da alƙawari, aka tafi da shi kudu aka yi masa rajista a wata makarantar ƙwallo kamar can ya fara. Yau yana buga rukuni na biyu a wata ƙasar Turai, a waya nake ganinsa. Da na bi kadin haƙƙinmu aka ce in kawo shaidar rajista, ni kuma littafin makaranta ne kawai da nake rubuta sunaye da biro. Yaron ba shi da laifi, da sallah ma ya aiko mani riga. Amma kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi. In ana son adalci a ɗaga kason nan daga 5 zuwa 10, kuma a sauƙaƙa wa ƙananan ƙungiyoyi rajista ta waya.

Abu_Fatima_KT:
Allah sarki Coach, Allah ya saka maka da alheri.

Malam_Akanta:
Coach abin ya ba ni tausayi, amma ka yi haƙuri in faɗa, ko an mai da shi kashi 20 in ba takarda ba za ka samu ba. FIFA ta buɗe wani ofishi a Paris a 2022 da kuɗin raino ke bi ta cikinsa, amma da bayanan rajista na kwamfuta yake aiki. Yaran da ke hannunka yanzu ka yi masu rajista tun wuri, in kana so ka same ni ta akwatin sirri mu ga yadda za a tsara takardun, ba sai ka biya ba.

Coach_Filin_Bayan_Gari:
Na gode ƙwarai Malam, zan neme ka in sha Allah.

Changi_Boy:
Tunda an dawo gida, laifi tudu ne fa. Muna zagin City don gwamnati ce a bayanta, to kulob nawa ne a lig ɗinmu ba na gwamnatin jiha ba? Pillars, Enyimba, Rangers ta Enugu, har Katsina United tamu. Bambancin kawai nasu gwamnatin na zuba kuɗi da tsari. Ku zo filin Karkanda na Katsina ranar wasa ku gani, masu son shiga kyauta sun fi masu yankar tikiti, kuma duk wanda ya zo sanye yake da rigar Chelsea ko Barca.

Gunner_na_Daura:
Remo Stars ta ci lig a 2025 kuma ta ɗan kasuwa ce, ba ta gwamnati ba.

Changi_Boy:
Shi ya sa na ji daɗin cin nata. Enyimba ta ci kofin Afirka 2003 da 2004, tun daga nan shiru, Al Ahly da Sundowns sun bar mu a baya saboda su kasuwanci suke yi mu kuma jiran kasafi.

Ustaz_Bn_Adam:
Ni abin da ke damuna a kuɗin ƙwallon nan shi ne na caca. Rigar kulob tallan caca, allon gefen fili tallan caca, yaranmu kuma sun koma ba kulob suke goyon baya ba, takardar da suka yanka suke goyon baya. Kulob ɗin Firimiya sun amince su cire tallan daga gaban riga bayan kakar 2025/26, amma hannun riga da allon fili suna nan. Duk gyaran da bai taɓa wannan ba ni a wajena ragagge ne.

Mai_Gidan_Kallo:
Ustaz wannan kam ina gani, yaro kulob ɗinsa ya ci amma ya fita yana tsaki wai yawan bugun kwana bai kai na takardarsa ba.

Dan_Kofar_Soro:
Mu dawo kan tambayar don Allah, doka ɗaya na ce. Zuwa yanzu na ji igiyar Malam Akanta, harajin Yankee, rabon Baba, kason Coach. Ba wanda ya taɓo masu kulob da yawa, kamfani ɗaya ya riƙe City da Girona da Palermo da wasu, yana juya yara tsakaninsu kamar mai kiwo da garke biyu.

Sani_Bundes:
Kuma da aka tashi hukunci a kan wannan Crystal Palace aka kama, ta ci kofin FA a 2025 amma aka sauko da ita daga Europa zuwa Conference saboda ɗaya daga masu hannun jarinta yana da Lyon. City da Girona kuwa tare suka buga Zakarun Turai.

SkyBlue_Marusa:
Mun cika sharuɗɗa a kan lokaci, su ba su cika ba. Komai sai an ce City.

Baba_Na_Unguwar_Alkali:
Ɗana ba wanda ya ce ba ku iya takarda ba, iyawar ce ma ake kuka da ita.

Hajiya_Blues:
Ni tambayata, wa zai kafa dokar? A Firimiya sai kulob 14 cikin 20 sun yarda ake canza doka, UEFA kuma tsoron manyan take kar su sake ɓallewa. FIFA da kanta ta zuba dala biliyan ɗaya a gasar kulob ta duniya a 2025, mu Chelsea muka ci kuma na yi murna, amma kuɗin ai wajen masu shi ya ƙara komawa.

Malam_Akanta:
Ingila dai ta kafa hukuma mai zaman kanta da dokar majalisa a 2025 don sa ido kan kuɗin kulob da masu sayensu. Za mu ga ko tana da haƙora.

RedDevil_Tsohon_Hannu:
A sa dokar hana sayen kulob da bashi a ɗora wa kulob ɗin, kamar yadda aka yi mana a Man United a 2005. Ita kaɗai nake roƙo.

Gunner_na_Daura:
Alhaji mai gidan kallo, Asabar wane wasa za ka sa a babban talabijin?

Mai_Gidan_Kallo:
Wanda zai biya kuɗin mai. In kuna son na ƙananan ku haɗo mutum ashirin ku zo, zan kunna maku na ɗakin baya, amma fankar can ta lalace.